Shari'ar ƙarin fansho ta shekara biyar a kotu: ina matsalar take, kuma me ya rage a yi?

Tambaya: Mu tsofaffin ma'aikatan jiha ne da malaman firamare da muka yi ritaya a tsohon tsarin fansho. Tun da muka ajiye aiki an ƙara wa ma'aikata albashi har sau biyu, amma fanshonmu yana nan inda yake. Mun haɗa kuɗi mun ɗauki lauya mun kai ƙara, yau shekara biyar ke nan ko shaidu ba a fara saurare ba, kullum sai a ɗage. Wasu daga cikinmu har sun riga mu gidan gaskiya. Shin haka shari'ar fansho take, ko tamu ce aka yi wa wani abu? Kuma mene ne abin yi?

Amsa: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ku kuma iyayenmu Allah ya ƙara muku lafiya da haƙuri. Shekara biyar ba tare da an saurari shaida ko ɗaya ba, wannan ba daidai ba ne, kuma kada wani ya lallashe ku da cewa ai haka kotu take. Sai dai ba ku kaɗai abin ya taɓa faruwa da ku ba. 'Yan fanshon Babban Bankin Najeriya sun shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas a 1999, suna neman a daidaita fanshonsu da na waɗanda suka yi ritaya a bayansu. Sun yi nasara a kotun farko, suka yi nasara a Kotun Ɗaukaka Ƙara, amma sai a 2010 Kotun Ƙoli ta rufe maganar, a shari'ar da lauyoyi suka sani da sunan CBN da Amao. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma bayan hukuncin ma gardama kan yadda za a lissafa kuɗin ta sake mayar da su gaban alƙali. Na kawo wannan shari'a ne da gangan, domin za ta yi muku amfani nan gaba kaɗan.

Haƙƙinku dai a rubuce yake. Sashe na 210(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko kuma a duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikatan jihar, duk wanda ya riga zuwa. Sashe na 173(3) shi ne takwaransa ga ma'aikatan tarayya. Malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi su ma suna ciki, domin sashe na 318 ya lissafa ma'aikatan ƙaramar hukuma da na makarantun da jiha ke ɗaukar nauyinsu a cikin ma'aikatan jiha. Har nan babu gardama.

Inda gizo yake saƙar shi ne, kundin ya ce a sake dubawa, bai ce a ƙara kashi kaza ba. Alƙali ba zai zauna ya yanka muku kashi 30 ko 40 daga kansa ba, aikin ɓangaren zartarwa ne. Saboda haka shari'ar ƙarin fansho iri biyu ce, kuma ya kamata ku san wacce ce taku. Ta farko ita ce wadda gwamnatin jiha ta fitar da sakula ko wata takardar amincewa da ta ambaci 'yan fansho da adadin ƙarin da ranar da zai fara, sannan aka ƙi biya. Wannan bashi ne tsagwaronsa, ana iya lissafa shi har kwabo. Ta biyu ita ce wadda aka ƙara wa ma'aikata albashi aka yi shiru da maganar 'yan fansho. A nan abin da kotu za ta iya ba ku shi ne ta bayyana cewa an saɓa wa sashe na 210(3), ta kuma umarci gwamnati ta yi wannan duba cikin wa'adin da ta yanka. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauko sakular gwamnatin tarayya a kafa ƙarar jiha a kanta. Tarayya ta yi ƙarin kashi 33 cikin ɗari da ya fara aiki daga Yulin 2010, ta yi gyaran da ya biyo bayan mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 a 2019, sannan ta ƙara naira 32,000 ga 'yan tsohon tsari daga ƙarshen Yulin 2024, lokacin da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Duk waɗannan na 'yan fanshon tarayya ne da PTAD, hukumar da ke kula da fanshon tsohon tsari na tarayya, ke biya. Ba su hau kan jiha kai tsaye ba, sai in jihar ta karɓe su a rubuce, ko kuma ana maganar kason da gwamnatin tarayya ke biya a fanshon wasu tsofaffin ma'aikatan jiha da suka cancanci wannan kason. Lauyan gwamnati ya san wannan sarai, kuma zai bar ku ku yi ta tafiya a kai har ranar jawabin ƙarshe.

Sai maganar kotun da aka kai ƙarar. Tun daga Maris na 2011, bayan gyara na uku da aka yi wa kundin, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai hurumin sauraron rikicin albashi da fansho da garatuti. Tana da rassa a Kano, Kaduna, Sakkwato, Jos, Bauchi, Yola da wasu garuruwan, hedikwatarta kuma tana Abuja. In an shigar da taku a Babbar Kotun Jiha, to ko da an kai ga hukunci rushe shi za a yi, domin maganar hurumi ana iya ta da ita a kowane mataki, har a ɗaukaka ƙara. Maganin abin shi ne a nemi a mayar da fayil ɗin Kotun Ma'aikata a ƙarƙashin sashe na 24 na dokar kotun ta 2006, maimakon a jira a kore shi a sake sabon lale.

A mafi yawan shari'o'in da suka shekara biyar ba a kira shaida ba, a bakin ƙofa aka tsayar da su. Lauyan Ma'aikatar Shari'a ba ya fara da musun cewa ana bin gwamnati bashi. Yakan fara ne da ƙorafin share fage, cewa kotu ma ba ta da ikon sauraron ƙarar, kuma makamansa sanannu ne. Babba a cikinsu shi ne sashe na 2(a) na Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wanda ya ce duk mai ƙarar jami'in gwamnati kan aikinsa ya shigar da ƙara cikin wata uku. Kotun Ƙoli kanta ta yi hukunce-hukunce masu karo da juna kan ko wannan doka ta shafi rikicin ɗaukar aiki: a shari'ar hukumar rabon arzikin ƙasa da Ajibola Johnson, ta ce ba ta shafa ba, a 2021 kuma, a shari'ar Idachaba da Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi, ta yi aiki da ita. Wannan ruɗani ne ke ba lauyan gwamnati abin riƙewa. Ku kuma garkuwarku ita ce shari'ar Amao da na ambata, inda Kotun Ƙoli ta ce biyan fansho ƙasa da yadda ya kamata cutarwa ce mai ci gaba, duk wata da aka biya a tauye sabon dalilin ƙara ne. Lallai lauyanku ya rubuta wannan ɓaro-ɓaro a takardar ƙara: cewa har watan da aka shigar da ƙarar ana biyan ku a tauye, ga kuma takardar banki da ke nuna haka.

Sauran makaman ƙanana ne, amma suna cin shekaru. Akwai dokokin da suka kafa wasu hukumomi da ƙananan hukumomi waɗanda suka wajabta a ba su sanarwar niyyar ƙara, yawanci ta wata guda, kafin a je kotu. In ba a bayar ba, ko an bayar babu kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, sai a dakatar da komai. Akwai sunan mai ƙara. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta iya ƙara da sunanta, don haka «Ƙungiyar Tsofaffin Malamai ta 2008» ba mutum ba ce a idon doka. Ko dai a shiga ta Ƙungiyar 'Yan Fansho ta Najeriya, wadda ke da rajista, ko a sa sunayen mutum uku zuwa biyar su wakilci sauran, tare da takardar izini da jerin sunayen kowa da sa hannunsa. Akwai waɗanda ake ƙara: in hukumar fanshon ƙananan hukumomi ce ke biyan malaman firamare a jiharku amma ba a sa ta ba, ko an bar Akanta Janar da Antoni Janar a waje, za a yi shekara ana neman izinin shigar da su. Har sa hannun lauya ma abin dubawa ne, domin tun shari'ar Okafor da Nweke a 2007 duk takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, maimakon sunan lauyan kansa, ɓatacciya ce.

Abin da ya fi cutarwa shi ne a ce alƙali ya saurari ƙorafin share fage shi kaɗai, ya yanke hukunci a kai, gwamnati ta ɗaukaka ƙara kan wannan ɗan hukuncin, sannan ta nemi a dakatar da babbar shari'ar har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta gama. Shekara uku kan iya tafiya a nan ba a taɓa ainihin maganar ba. Lauyan da ya san aikinsa tun ranar farko yake roƙon kotu ta haɗa ƙorafin da babbar shari'ar, a saurare su tare, a yanke hukunci ɗaya. Alƙalan Kotun Ma'aikata da dama suna yarda da haka, musamman in shari'ar ta takardu ce.

Wannan ya kawo mu ga yadda aka gina ƙarar. Hanya biyu ce a dokokin aikin kotun na 2017. Ɗaya ita ce ƙarar da ake kiran shaidu, a yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ɗayar ita ce ta neman fassarar doka ko takarda, wadda ake yi da takardar rantsuwa da rubutaccen jawabi, ba a kiran kowa cikin akwatin shaida. In tambayar ita ce ko sashe na 210(3) ya wajabta a duba fanshonku lokacin da aka ƙara albashi, babu dalilin ɗora dattijo ɗan shekara saba'in da biyar a mota zuwa kotu sau goma. Hanya ta biyu ta isa, kuma ita ta fi sauri nesa ba kusa ba. In kuwa adadin kuɗi ake gardama a kai, sai an bi ta farko, amma ko a nan dokokin sun yarda ɓangarorin biyu su amince a yanke hukunci bisa takardun da ke gaban kotu ba tare da kiran shaidu ba. A ra'ayina mafi dacewa ga babbar ƙungiya shi ne a fara samun hukunci kan haƙƙin da ranar da ya fara, tare da umarnin a yi lissafi cikin wa'adi, maimakon a tara mutum dubu da kuɗinsu daban-daban a ƙara guda.

Idan kuma an nemi kuɗi, Kotun Ma'aikata ba ta bayar da adadin da aka yi wa kuɗin goro. Abu biyu take so ta gani a kan kowane mutum: takardar da ta ba shi haƙƙin, da yadda aka yi lissafi aka kai ga adadin. Ga misali. A ce fanshon mutum naira 40,000 ne a wata, aka amince da ƙarin kashi 33. Ƙarin ya kama naira 13,200, in an yi wata 60 ba a biya ba ariyas ɗinsa naira 792,000 ne. In daga baya aka sake ƙarin kashi 20, a kan 53,200 za a lissafa shi, ya ba da 10,640, ba a kan tsohon 40,000 ba, wanda zai ba da 8,000 kawai. Bambancin naira 2,640 ne duk wata ga mutum ɗaya, kuma a irin wannan wurin ofisoshin fansho ke tauye mutane ko bayan an yi hukunci. Don haka a yi jadawali: suna, lambar fayil ɗin fansho, matakin albashi da sitef ɗin da aka yi ritaya a kai, ranar ritaya, abin da ake biya, abin da ya kamata a biya, yawan watanni, jimla. A bayansa a haɗa takardar ritaya, takardar lissafin fansho da aka ba mutum, da bayanin banki na aƙalla wata shida. Sakula da teburin albashi takardun gwamnati ne, kwafinsu da aka tabbatar da hatimi Dokar Shaida ta 2011 ke buƙata, kuma fotokwafin da wani ya samo daga abokinsa a ofis zai jawo gardamar da za ta ci zama biyu ko uku.

Sai jinkirin yau da kullum, wanda shi kuke gani da idonku. Dattawa sun zo tun ƙarfe takwas sun cika benci, an kira shari'ar wajen sha ɗaya da rabi, wani matashin lauya daga Ma'aikatar Shari'a ya miƙe ya ce jiya aka ba shi fayil ɗin, ko wanda ke riƙe da shi yana wata kotun, ko yana da takardar neman ƙarin lokaci don shigar da kariya. Kwana 14 dokokin kotun suka ba wanda ake ƙara bayan an kai masa sammaci, amma sai a shekara ana neman ƙari. Minti uku an gama, magatakarda ya duba littafi ya ba da ranar da ta kai wata biyu ko uku. A lissafa da dogon hutun kotu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, da na Kirsimeti da na Ista, sai a ga zama huɗu ko biyar kawai shari'a ke samu a shekara. Waɗanda suke kotu a wancan lokacin kuma sun haɗu da rufewar korona a 2020, da yajin aikin ma'aikatan kotuna da ya rufe kotunan ƙasar nan daga Afrilu zuwa Yunin 2021. In kuma aka canza wa alƙali wurin aiki, ko aka ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, ko ya yi ritaya bayan an fara jin shaidu, sabon alƙali daga farko zai fara. Wannan ma wani dalili ne na fifita shari'ar takardu, domin ita ba ta da shaidun da za a sake kira.

Abin da nake ba ku shawara ku fara yi, tun kafin zama na gaba, shi ne ku nemi kwafin rikodin zaman kotu daga rajistara. Haƙƙinku ne, kuɗi kaɗan ake biya. Ku zauna da wani mai karatu a cikinku ku bi shi zama bayan zama, ku rubuta ranar, wa ya nemi ɗagewa, kuma da wane dalili. A nan gaskiya za ta fito. Wani lokaci za ku tarar rabin ɗagewar daga ɓangarenku take: ba a kai wa ɗaya daga cikin waɗanda ake ƙara sammaci ba, babu shaidar kaiwa a fayil, lauyanku ya aiko ƙaramin lauya da bai san shari'ar ba, ko ya gyara takardar ƙara sau uku saboda ana ta ƙaro sunaye. Kowane gyara yana ba gwamnati damar sake shigar da sabuwar kariya, don haka a rufe jerin sunaye. Waɗanda suka zo daga baya su jira hukunci. Ku duba kuma yarjejeniyarku da lauyan. Wanda ake biya kuɗin zama duk ranar da ya je kotu ba shi da abin da ke matsa masa ya gama. Biya bisa mataki ya fi: kaso in an kammala shigar da takardu, kaso in an yi jawabin ƙarshe, kaso in kuɗi ya shigo.

In rikodin ya nuna gwamnati ce ke jan ƙafa, lauyanku yana da abin yi. Ya ƙi amincewa da ɗagewa a fili, a rubuta ƙin nasa, ya nemi a ci ɗaya ɓangaren tarar ɓata lokaci. Ya nemi a rufe musu damar kariya in sun sake saɓa wa'adi. Ya shigar da takardar neman a gaggauta sauraro, tare da rantsuwar da ke nuna shekarun masu ƙara, da yawan waɗanda suka rasu tun da aka fara, da takardun asibiti na marasa lafiya. Dokokin kotun suna da layin gaggawa wanda ya haɗa da haƙƙin ma'aikacin da ya rasu, kuma Shugaban kotun yana iya sa wata shari'a a wannan layin in an roƙa. Takarda zuwa ga Shugaban kotun ta ladabi ce, tana jera ranaku da dalilai, ba ta zargin alƙali da komai. Zargin da babu hujja kan sa alƙali ya janye daga shari'ar, ku kuma ku koma farko.

Bayan jawabin ƙarshe, sashe na 294(1) ya ba alƙali kwana 90 ya yanke hukunci a rubuce. Amma tun yanzu ku dubi abin da kuka roƙa, domin kotu ba ta ba mutum abin da bai nema ba. Hukuncin da ya tsaya ga bayyana cewa kuna da haƙƙi ba a iya aiwatar da shi da ƙarfin kotu. Sai a sake wata ƙarar. Dole a bayansa a samu umarni ƙarara: wane ofishi ne zai biya, nawa, ga wa, cikin kwana nawa, kuma a gyara biyan wata-wata daga wane wata. In takardar ƙararku ba ta da wannan, gyara guda ɗaya da ya cancanci a yi ke nan ko da zai ci zama ɗaya.

Ku sa a ranku cewa za a ɗaukaka ƙara. Abin da ya yi sauƙi yanzu shi ne tafiyar ta ragu: bisa sashe na 243 da hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Skye Bank da Iwu a 2017, shari'ar da ta fito daga Kotun Ma'aikata a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli. Kuma in ba maganar tauye haƙƙin ɗan Adam ba ce, sai an nemi izini kafin a ɗaukaka, shi ya sa za ku ga lauyan gwamnati ya liƙa zancen cewa ba a ba shi damar kare kansa ba. Ga lissafin lokacin: wata uku na shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara, kwana 60 ga rajistara ya haɗa rikodi ya aika, in ya gaza mai ɗaukaka ƙara yana da kwana 30, sai kwana 45 na jawabinsa, 30 na naku, 14 na martani. Kusan wata tara ke nan kafin a yi zancen ranar sauraro, in kowa ya cika wa'adi. In aka faɗo shekarar zaɓe kuma, shari'o'in zaɓe da kundin ya yanka wa kwana 180 a kotun sauraron ƙararraki da 60 a ɗaukaka ƙara su ke shiga gaba. Dabarar da aka saba ita ce a shigar da sanarwa da takardar neman dakatar da aiwatar da hukunci, sannan a kwanta. Kada lauyanku ya kwanta tare da su. Sashe na 47 na dokar Kotun Ma'aikata ya ce ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta dakatar da hukunci. Ya riƙa ƙirga kwanaki, da wa'adin haɗa rikodi ko na jawabi ya wuce ya nemi a kori ɗaukaka ƙarar saboda sakaci. In kotu za ta ba da dakatarwa, ya roƙi ta zama da sharaɗin a ajiye kuɗin a asusun da rajistaran kotu ke kula da shi.

Karɓar kuɗin kuma wata shari'ar ce mai zaman kanta. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda lauyoyi ke kira ganishi, wato kotu ta umarci bankin da ke riƙe da kuɗin gwamnati ya biya ku daga ciki. Ana fara da umarnin wucin gadi, a kai wa banki da wanda ake bi bashi aƙalla kwana 14 kafin zama, sannan a nemi tabbataccen umarni. Cikas ɗin shi ne sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunce-hukuncen kotu, wanda ya ce in kuɗin yana hannun jami'in gwamnati sai an sami izinin Antoni Janar, wato mutumin da ofishinsa ya yi shekaru yana yaƙar ku. A shari'ar CBN da Interstella a 2017 Kotun Ƙoli ta sassauta wannan a inda Antoni Janar ɗin yana cikin shari'ar kuma ya shiga maganar biyan, wanda ƙarin dalili ne na sa shi cikin waɗanda ake ƙara tun farko. Kuskuren da ake yi a nan shi ne jera bankuna ashirin a takarda ɗaya da fatan a dace. Kowane banki sai ya kawo rantsuwarsa, wata shida sun tafi. A bincika a gano banki biyu ko uku da ainihin asusun yake. Gwamna kuwa sashe na 308 ya kare shi, ba a tuhumarsa da raina kotu yana kan mulki, amma shugaban hukumar fansho ko Akanta Janar da aka umarta ya yi wani aiki ya ƙi, ana iya kai masa Fom 48, wato takardar gargaɗi kan sakamakon bijire wa umarnin kotu, sannan Fom 49, wato takardar kiransa ya bayyana dalilin da ba za a ɗaure shi ba, hannu da hannu.

Ya kamata a faɗi gaskiya a kan wanda jinkirin ke yi wa amfani. Waccan naira 792,000 da muka lissafa, a 2015 da dala take wajen naira 197 ta haura dala 4,000. A 2024 da dala ta wuce naira 1,500 ba ta kai dala 530 ba. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, alhali kuɗin ruwan da dokokin kotun suka ambata a kan bashin hukunci daga kashi 10 a shekara yake farawa. Duk shekarar da aka ƙara, bashin yana yi wa mai biya sauƙi, masu binsa kuma suna raguwa. (Da yawa daga cikin iyayenmu ba sa son a nema musu kuɗin ruwa saboda addini. Wannan magana ce da za ku yanke da malamanku tun kafin jawabin ƙarshe, lauya ya san matsayinku. In an bar shi, sai a ƙarfafa neman gajeren wa'adi da kuɗin ɗawainiyar shari'a.)

Saboda haka ban ga laifin sulhu ba, matuƙar an ɗaure shi da kyau. Kotun Ma'aikata tana da cibiyar sulhu tun 2015, kuma alƙali na iya tura shari'a can na ɗan wa'adi, in ba a daidaita ba ta dawo. Amma kada ku janye ƙara bisa alƙawarin baki, ko don an kafa kwamiti, ko don zaɓe ya matso an kira shugabanninku gidan gwamnati. Duk abin da aka amince a rubuta shi: sabon adadin wata-wata da watan da zai fara, jimlar ariyas, kashi nawa za a biya, ranar kowane kashi, da sharaɗin cewa in an tsallake kashi ɗaya ragowar duka ta wajaba nan take. Antoni Janar da Akanta Janar su sa hannu, a kai wa alƙali ya mayar da shi hukuncin kotu. Irin wannan hukunci yana da ƙarfin kowane hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kansa sai da izini. In za a yi rangwame, a yi shi a kan tsawon lokacin biyan ariyas. Gyaran biyan wata-wata shi ne abin da ba a sakin sa, domin a kansa duk wani ƙari na gaba zai hau. Kuma ku kula da lokacin kasafi. Gwamnati daga kasafi take biya, don haka takardarku ta isa ofishin kasafi da kwamitin majalisar jiha mai kula da fansho tun wajen Agusta ko Satumba, kafin a gabatar da kasafin sabuwar shekara. Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ba za ta shiga ba yanzu, dokarta ta hana ta taɓa maganar da ke gaban kotu.

Game da waɗanda suka rasu, ariyas ɗin da ya taru har ranar rasuwar mutum dukiyarsa ce, magada ke da ita. In mamacin yana cikin waɗanda aka sa sunansu a matsayin wakilai, lauya ya sanar da kotu ya nemi a maye gurbinsa nan da nan, domin takardar da aka shigar da sunan mamaci tana ba ɗaya ɓangaren sabon abin gardama. In a jerin sunaye kawai yake, kada a cire shi; a rubuta ranar rasuwa a gefen sunansa a tsayar da lissafinsa a nan. Iyalansa su fara haɗa takardar shaidar mutuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotu tun yanzu, domin ita ma tana cin watanni, kuma ofishin fansho ba zai saki kuɗi ba sai da ita. In akwai 'yan sabon tsarin adashen fansho da suka shiga cikinku, a ware su, tasu hanyar daban ce: Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta ce mai rikici da kamfanin da ke kula da asusunsa ya fara kai kuka Hukumar Fansho ta Ƙasa (PenCom) kafin ya wuce sulhu ko Kotun Ma'aikata, kuma barinsu cikin ƙararku zai ba lauyan gwamnati dalilin neman a raba ta ko a kore ta.